Muhawara: Tunda jirage na da na'urar kauce wa karo, me ya sa ake kukan yawan aiki a kan jami'an hasumiya masu kula da zirga-zirgar jirage?

Bakatsine_01
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka san harkar jiragen sama ce. Tun bayan hatsarin birnin Washinton na ranar 29 ga Janairun 2025, inda jirgin fasinja da helikwaftan soja suka yi karo a saman kogin Potomak har mutum 67 suka rasu, ake ta nanata cewa a daren nan jami'i ɗaya ne yake kula da jiragen da ke sauka da tashi, shi ne kuma yake kula da helikwaftoci. To amma an ce manyan jirage duk suna ɗauke da na'urar da ke hango jirgin da ya kusato, ta kuma umarci matuƙi ya kauce. A ganina, tunda wannan na'ura ta samu, bai kamata yawan aikin mutumin da ke ƙasa ya riƙa zama hujja ba. Ina neman ƙarin haske.

Tsohon_Hasumiya
Wa alaikumus salam. Malam Bakatsine, wannan aiki na yi har na yi ritaya, don haka bari in fara da yadda abin yake. Na'urar da kake nufi sunanta TCAS, kuma ita ce kariya ta ƙarshe bayan duk sauran sun gaza. Raba jirage kuwa aikin jami'in da ke ƙasa ne. Shi zai tabbatar akwai ƙafa 1,000 tsakanin jirgin sama da na ƙasa da shi, ko kuma mil 5 na teku a tsakaninsu idan suna tsayi ɗaya kuma yana ganin su a allon rada, wato kimanin kilomita 9. A kusa da filin jirgi akan rage zuwa mil 3. Inda babu rada, da lokaci ake raba su, galibi minti 10 tsakanin na gaba da na baya.

Jirage biyu masu fuskantar juna a can sama suna cinye kusan kilomita 30 na ratar da ke tsakaninsu cikin minti ɗaya. Shi jami'i yana shirya rabuwarsu tun da sauran mintoci, ita kuwa na'urar ba ta ba da umarni sai ya rage daƙiƙa 15 zuwa 35, kuma daƙiƙa 5 aka ɗiba wa matuƙi ya fara aikata abin da ta ce. Game da Washinton, akwai abin da ba ka sa a lissafi ba: an tsara na'urar ta daina umartar matuƙi ya hau ko ya sauka idan jirgi ya yi ƙasa da kimanin ƙafa 1,000, don kada ta tura shi ƙasa. Wancan karo a wajen ƙafa 300 ya faru. A wannan tsayi babu abin da ya rage sai idon matuƙa da hankalin mutumin hasumiya.

Maman_Ilham
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Shin jirage nawa mutum ɗaya zai iya riƙewa a lokaci guda kafin a ce aiki ya fi ƙarfinsa?

Tsohon_Hasumiya
Hajiya, babu adadi ɗaya da ya dace da ko'ina, domin nauyin aikin bai tsaya ga yawan jirage ba. Jiragen da suke tafiya a jere, kowanne a tsayinsa, ba su cika wahalar da mutum ba ko da suna da yawa. Waɗanda ke cinye hankali su ne masu gittawa, da wanda yake hawa alhali wani yana sauka ta gabansa. Ga kuma rediyo, wadda mutum ɗaya kaɗai ke iya magana a kanta a lokaci guda, idan biyu suka danna tare sai maganar ta lalace. Kowane umarni ka bayar sai matuƙi ya maimaita maka shi, kai kuma dole ka saurara da kyau ko ya ji daidai, a lokacin nan waya tana ƙara daga cibiyar maƙwabta tana son miƙo maka wani jirgin.

A wurinmu damina ce ta fi tsanani. Idan hadari ya taso ya tare hanya, kowane matuƙi zai nemi izinin kaucewa hagu ko dama, sai tsarin da ka gina a kanka ya rushe, ka sake gina wani cikin daƙiƙu. Lokacin jigilar alhazai ma haka ne, manyan jirage na shigowa cikin dare a kan jadawalin da ba a saba da shi ba.

Injiniya_Bichi
Akwai hatsarin da ya haɗa duk abin da ake magana a kai, wato na garin Ubalingen da ke kudancin Jamus, a daren 1 ga Yulin 2002. Jirgin Rasha ƙirar Tupolev ya taso daga Mosko zuwa Basalona, mafi yawan fasinjojinsa yara ne 'yan makaranta, sai jirgin kaya na DHL da ya taso daga Italiya zuwa Beljiyam. Dukansu suna kan ƙafa 36,000, kuma cibiyar Zurik ta Suwizalan ce ke kula da wannan yanki.

Jami'ai biyu ne ke bakin aiki, amma ɗaya ya tafi hutawa kamar yadda aka saba yi da dare da sanin shugabanni. Wanda ya rage yana kai da kawo tsakanin allo biyu, domin akwai wani jirgin da ya makara yana neman sauka a wani fili da ke kusa. A daren kuma ana gyaran na'urori, saboda haka alamar gargaɗin da kan bayyana a allo idan jirage sun kusanci juna ba ta aiki, babban layin waya ma a katse yake. Wani jami'i a cibiyar Jamus ya hango abin da ke shirin faruwa, ya yi ta kiran Zurik bai samu ba. Sai da ya rage ƙasa da minti ɗaya jami'in ya lura, ya umarci jirgin Rasha ya sauka. Bayan 'yan daƙiƙu TCAS ta ce wa jirgin Rasha ya hau, ta ce wa na DHL ya sauka. Matuƙan DHL suka bi na'ura, na Rasha suka bi jami'i, duka biyu suka yi ƙasa tare. Mutum 71 ne suka rasu.

Abin lura shi ne sama ba ta cika da jirage ba a daren nan. Hankalin mutum ɗaya aka raba gida biyu, aka kuma janye masa kayan da za su tunatar da shi, ga shi Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Kyaftin_Arewa
Injiniya ya kawo labarin daidai. Ƙarin da zan yi shi ne, shekara ɗaya da rabi kafin nan an sami gargaɗi a Japan. Ranar 31 ga Janairun 2001 wani jami'i mai koyon aiki ya rikita lambobin jirage biyu na kamfani ɗaya, ya ba wa wanda bai kamata ba umarnin sauka, matuƙin ya bi shi ya bar na'ura. Da ƙyar suka goce wa juna, mutane fiye da 600 ne a cikinsu, kuma da dama sun ji rauni. Bayan Ubalingen ne hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fayyace doka: idan TCAS ta ba da umarni, shi ake bi ko da ya saɓa wa na jami'i, sannan a sanar da jami'in, shi kuma ya dakata da ba da umarni har matuƙi ya ce an rabu lafiya. An kuma gyara na'urar yadda za ta iya juya umarninta idan ta ga ɗaya jirgin bai bi ba.

Bakatsine_01
To Kyaftin, ai wannan ya ƙarfafa maganata. Da matuƙan Rasha sun bi na'ura, da yaran nan sun isa Basalona, komai yawan aikin da ke kan mutumin Zurik.

Barista_Hadiza
Malam Bakatsine, ba sai mun je Turai ba. Ranar 7 ga Nuwamban 1996 jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 727 ya taso daga Fatakwal zuwa Legas. Yana cikin saukowa sai ya kusanci wani jirgin da ya taso daga Legas, na'urar ta yi gargaɗi, matuƙin ya karkata jirgin da ƙarfi don ya kauce, jirgin ya ƙwace masa ya faɗa ruwa a Ejirin da ke jihar Legas. Duk mutum 144 da ke ciki suka rasu, cikinsu har da Farfesa Claude Ake. Jiragen ba su taɓa juna ba. Binciken da aka yi ya ɗora sanadi na kusa a kan yadda jami'in rada ya kasa raba jiragen da kyau, sannan ya ambaci kuskuren matuƙi wajen kaucewar. Ke nan akwai na'ura, ta kuma yi magana, amma barin al'amari ya kai ga sai ta yi magana shi kansa haɗari ne.

Kyaftin_Arewa
Gaskiyar Barista ce. Na'urar ba ta cewa a juya hagu ko dama, hawa ko sauka kawai take umarta, kuma a hankali ake son a yi shi, yadda fasinja ma ba lallai ya ji sosai ba. Amma mutumin da murya ta faɗa masa a kunne cewa jirgi na tahowa, ya ɗaga kai ya gan shi cike da gilashi, jikinsa na iya rigan iliminsa. Shi ya sa ake maimaita mana wannan darasi a na'urar koyon tuƙi. Sannan jirgin da ya kauce wa wani yana iya shiga tsayin na uku, aikin jami'in ya ƙaru nan take.

Ɗan_Damagaram
Salamu alaikum daga Nijar. Ku kuna maganar sama mai cunkoso, ni kuwa ina so in tuna mana da sama marar kowa, domin ita ce tamu a Sahara. A watan Satumban 1997 jirgin sojan Jamus da ya sha mai a Yamai ya nufi kudu, ya yi karo da jirgin sojan Amurka a gaɓar tekun Namibiya, mutum 33 suka mutu. Jirgin Jamus yana kan tsayin da bai dace da alƙiblarsa ba, takardar tsarin tafiyarsa kuma ba ta isa ga masu kula da can ba. A Satumban 2015 ma ƙaramin jirgin ɗaukar marasa lafiya da ya taso daga Wagadugu zuwa Dakar ya gogi wani Boeing 737 a gabashin Senigal, mutum 7 da ke cikin ƙaramin suka salwanta a teku.

Doka ta ce mai nufar gabas ya ɗauki tsayi mara, kamar ƙafa 35,000 ko 37,000, mai nufar yamma ya ɗauki cika, kamar 34,000 ko 36,000. Tun 2008 aka rage ratar zuwa ƙafa 1,000 a sararin Afirka tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000, saboda haka ƙaramin kuskure a na'urar auna tsayi ya isa ya jawo masifa. Jami'anmu da ake horarwa a makarantar EAMAC ta Yamai, ƙarƙashin ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jiragen sama a wasu ƙasashen Afirka, suna kula da yanki mai faɗin gaske, kuma da dare jiragen Turai masu zuwa kudu suna gittawa da masu tafiya gabas da yamma. Nauyinsu na neman jirgi a rediyo ne da miƙa shi ga Kano ko Injamena ko Aljeriya a kan lokaci. Da aka rufe sararin Sudan a Afrilun 2023, sannan na Nijar na wasu makonni daga Agustan shekarar, jirage sun karkata ta wasu hanyoyi, aikin ya koma kan maƙwabta ba tare da sun shirya masa ba.

Kyaftin_Arewa
Saboda irin wannan ne muke da tashar rediyo mai lamba 126.9, wadda matuƙa ke sanar da junansu inda suke da tsayinsu a wasu sassan Afirka. Akwai kuma izinin gocewa mil 1 ko 2 zuwa dama daga tsakiyar hanya inda aka yarda da hakan, domin na'urorin tauraron ɗan'adam sun sa jirage suna bin layi ɗaya cif, wanda ya yi kuskuren tsayi zai tarar da ɗan'uwansa daidai gabansa.

Alhaji_Fagge
Ni fasinja ne kawai. An taɓa yin ta zagaye da mu a sama kafin mu sauka, mutane suka yi ta salati, babu wanda ya yi mana bayani. Shin wannan yana da alaƙa da abin da kuke faɗa?

Tsohon_Hasumiya
Yana da alaƙa, Alhaji. Idan masu son sauka sun fi abin da fili zai karɓa, ko hazo ya rage gani, ko an tsayar da zirga-zirga saboda tashin wani babba, sai a jera jirage a wuri ɗaya suna zagaye, kowanne ƙafa 1,000 a saman ɗan'uwansa, ana zare na ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Jinkirta jirgi shi ne babban makamin jami'i na rage wa kansa nauyi, kuma gara ma a riƙe shi a ƙasa tun bai tashi ba. Damuwata ita ce matsin da kan biyo baya. Na sha ganin matashin jami'i ya karɓi jirage fiye da ƙarfinsa saboda yana tsoron a ce ya gaza, ko a kira daga sama a tambayi dalilin jinkiri.

Likita_Nana
Ina so in ƙara batun barci, domin irin aikin dare muke yi a asibiti. Mutumin da bai sami isasshen barci ba yakan yi jinkirin lura, kuma shi da kansa ba ya gane ya ragu. A Ingila ƙa'ida ta hana jami'i ya wuce awa 2 a gaban allo ba tare da hutun minti 30 ba. A Amurka shekara 56 ake yi musu ritaya. To amma hutun nan ba ya yiwuwa sai akwai wanda zai zauna a kujerar, saboda haka ƙarancin ma'aikata da gajiya abu ɗaya ne. Kuma kamar yadda Injiniya ya nuna, lokacin da aiki ya lafa tsakar dare yana da nasa haɗarin, domin a nan ne ake haɗe kujeru biyu a ba mutum ɗaya.

Abu_Sadik
Karon jirage a sama da ya fi duka muni ai shi ne na Indiya, inda mutum 349 suka rasu. Shi ma ba yawan aiki ne a kan jami'i ba?

Ɗalibi_Zazzau
Yaya Abu_Sadik, ana koya mana wannan, kuma ba haka binciken ya nuna ba. Ranar 12 ga Nuwamban 1996 ne, kwana 5 bayan na Ejirin da Anti Barista ta ambata. An ba jirgin Saudiyya da ya taso daga Delhi ƙafa 14,000, an ba na Kazakistan mai shigowa ƙafa 15,000. Jami'in ya ba da umarni daidai, har ya sanar da na Kazakistan cewa akwai jirgi a ƙasa da shi, amma suka sauko ƙasa da tsayin da aka ba su. Binciken ya ambaci ƙarancin Ingilishin matuƙan. Radar Delhi ta lokacin ba ta nuna tsayin jirgi, don haka jami'in ba shi da hanyar ganin sun sauko, kuma masu tashi da masu sauka hanya ɗaya suke bi. Inda yawan aiki ya fito fili shi ne karon jirgin Ingila da na Yugoslabiya a kusa da Zagreb a 1976, inda mutum 176 suka rasu, jami'in yana fama shi kaɗai, da ya ga haɗarin sai ya koma harshensa na gida, matuƙan Ingila ba su fahimci abin da ake faɗa ba.

Barista_Hadiza
Na gode da ka kawo Zagreb, domin a can an ɗaure jami'in a kurkuku, sai da takwarorinsa na duniya suka yi ta kira kafin a sake shi. A Suwizalan kuwa, kotu a 2007 ta kama ma'aikata huɗu na kamfanin da ke tafiyar da cibiyar Zurik da laifin sakaci a hatsarin Ubalingen, yawancinsu shugabanni. Shi jami'in da ke bakin aiki a daren, wani mutum da ya rasa matarsa da 'ya'yansa biyu a hatsarin ya kashe shi a 2004. Ra'ayina shi ne, idan kowane kuskure ɗauri ne ko kora, babu jami'in da zai kai rahoton ranar da jirage suka kusa haɗuwa, alhali da waɗannan rahotanni ake gano ɓaraka kafin a yi asarar rai.

Injiniya_Bichi
Barista, na yarda da ke rabi. Wanda aka ɗora wa kujeru biyu ba shi da laifin tsarin. Amma wanda ya bar kujerarsa ba izini, ko ya zo aiki ya san bai runtsa ba ya ɓoye, dole a bambanta shi da na farko, in ba haka ba iyalan mamata ba za su taɓa amincewa da bincike ba.

Bakatsine_01
Na karanta duka, na kuma ƙaru ƙwarai. Duk da haka ina nan a kan cewa idan kuɗi kaɗan ne, a fara zuba su a kayan aiki. A Delhi rada ce ta gaza, a Zurik waya da gargaɗin allo ne suka mutu, a Namibiya saƙo ne bai isa ba.

Injiniya_Bichi
Kayan ma sai da mai lura da su. A Birazil ranar 29 ga Satumban 2006, jirage biyu sababbi fil, dukansu da TCAS, suka yi karo a ƙafa 37,000 a saman dajin Amazon, mutum 154 suka rasu. Na'urar da ke aika tsayin ƙaramin jirgin ta daina aiki kusan awa guda, kuma TCAS ba ta ganin jirgin da wannan na'ura tasa ke kashe. Matuƙan ba su lura ba, jami'an ma ba su ɗauki mataki ba duk da alamar ta canja a allonsu, sannan rediyo ta yanke a tsakaninsu. A Najeriya an ƙaddamar da aikin radar da ke rufe ƙasa baki ɗaya a 2010, kuma ya taimaka, amma irin waɗannan kaya suna tsufa, suna bukatar kayan gyara da wutar da ba ta yankewa.

Tsohon_Hasumiya
Malam Bakatsine, a nan ne muka rabu. Na'ura idan an biya kuɗi za a iya kafa ta cikin watanni. Jami'i kuwa sai ya yi karatu a kwalejin harkar jiragen sama ta Zariya, ya zauna ƙarƙashin wani na tsawon lokaci, ya ci jarrabawar kowace kujera daban, kafin a bar shi shi kaɗai da rada. Wanda zai horar da shi kuma daga cikin waɗanda ba su isa ba za a zare shi. Idan aka bari sai gibin ya bayyana, an makara da shekaru. Kyaftin, kai da kake sama har yanzu, ko akwai wuraren da kuke kira ba a amsa muku?

Kyaftin_Arewa
Akwai, ranka ya daɗe, musamman a kan iyaka tsakanin cibiya da cibiya, da kuma idan muna ƙasa-ƙasa nesa da eriya. Abin da muke yi shi ne mu roƙi wani jirgin da ke sama da mu ya isar da saƙonmu, ya kuma dawo mana da amsa. Yana aiki, amma umarnin da ya bi ta baki biyu ya fi saurin gurɓata, kuma jami'in yana kashe lokacin jirage uku a kan ɗaya. Ɗan_Damagaram, ina so in ji ko saƙon rubutu tsakanin jami'i da matuƙi ya rage muku wannan wahala a ɓangaren Yamai, domin ba kowane jirgi ne ke ɗauke da kayansa ba.